Abin da Muka Gani a Charleston: Labarin Umaru ɗan Sa'idu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ya ku dattawa da samarin zango, muna so mu ba ku labarin wani tsohon birni na Amurka da muka ziyarta, watau Charleston, a jihar Karolina ta Kudu. Abin da ya kai mu shi ne zumunci. Wani tsohon abokinmu, wanda muka yi karatun allo tare a Kumasi, shi ne ya sauke mu, ya kuma zaga da mu gari.

Turawan Ingila ne suka kafa garin a shekarar 1670, suka sa masa sunan sarkinsu, Charles na Biyu. Arzikinsa na farko daga shinkafa ya fito, masu nomanta kuwa bayi ne da aka kwaso daga Afirka. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa wajen kashi 40 cikin 100 na bayin da aka kawo ƙasar nan ta wannan tasha suka shigo. A bakin ruwan garin kuma akwai ganuwar Sumter, inda aka fara harba igwa a watan Afrilu 1861, yaƙin basasa ya tashi, wanda ƙarshensa ya kawo 'yanta bayi a 1865.

Mun ga manyan gidaje masu barandu, da coci-coci masu dogayen hasumiyoyi, da kekunan doki suna yawo da baƙi. Muka ce wa abokinmu, “Malam, lalle garin nan ya ƙawatu.” Ya ce, “Malam, tukuna, sai ka ga waɗanda suka gina shi.” Sai ya kai mu titin Chalmers, inda wani gini yake wanda dā a cikinsa ake gwanjon mutane, bayan da hukumar gari ta hana yin cinikin a fili a 1856. Daga nan muka wuce bakin tasha, inda jiragen bayi suke tsayawa, wurin da aka buɗe gidan tarihin baƙar fata a 2023.

To, a wannan gari aka sauke wani almajiri a shekarar 1807, sunansa Umaru ɗan Sa'idu, mutumin Futa Toro a ƙasar Senegal ta yau. An haife shi wajen 1770, ya yi shekara 25 yana neman ilmi, sa'an nan yaƙi ya ci garinsu, aka kama shi, aka sayar. Wata ɗaya da rabi ya yi a cikin teku. Ku dubi ikon Allah: ran 1 ga Janairu 1808 dokar hana shigo da bayi Amurka ta fara aiki, watau kaɗan ya rage da bai zo ba.

Ubangijinsa na fari mugu ne, saboda haka ya gudu, ya yi ta tafiya har garin Fayetteville a Karolina ta Arewa, inda aka kama shi aka kulle a 1810. A cikin kurkuku ya riƙa rubutu da Arabiyya a jikin bango, mutanen gari suka yi ta zuwa kallo, suna mamakin bawa mai rubutu daga dama zuwa hagu. A 1831 ya rubuta tarihin rayuwarsa da Arabiyya, ya buɗe shi da Suratul Mulk. Duk wanda ya yi karatu ya san abin da surar take koyarwa, cewa mulki na Allah ne Shi kaɗai. Bawa ke nan yana gaya wa masu mallakarsa gaskiya cikin harshen da ba su ji.

Kada mu ɓoye muku, an yi masa wankan shiga Kirista, masana kuma sun yi saɓani a kan abin da ke zuciyarsa. Wannan sai mu bar wa Allah. Ya rasu yana bawa, ana cikin yaƙin basasa. Amma takardunsa sun tsira, a 2017 babban ɗakin karatu na majalisar Amurka ya mallake su, kuma an sa wa wani masallaci na Fayetteville sunansa. Dubban da aka sauke tare da shi ko sunansu bai saura ba.

Dattawa, akwai magana mai ɗaci. Sa'ad da muke tsaye a wurin gwanjon nan, Salaga ce ta faɗo mana a rai, domin kasuwarta ba goro kaɗai aka sayar a cikinta ba. Hukumar Charleston ta nemi gafara a 2018. Mu kuwa ko ba mu yi kome ba, ya kamata mu gaya wa 'ya'yanmu gaskiyar abin da ya faru.

Ku kuma samari, da kuke gudun makarantar Arabiyya kuna cewa ba ta ba da aiki, ku tuna da Umaru. An raba shi da ƙasarsa da danginsa da 'yancinsa, amma ba a iya raba shi da abin da malamansa suka zuba masa a ƙirji ba. Gobe da asuba allo yana jiranku.

Allah ya jiƙan magabata, ya ba mu ilmi mai amfani, amin.