Falken Hatsi da Tambayar Sisero

A ƙarshen shekara ta 44 kafin Miladiyya, watanni kaɗan bayan kisan Yuliyas Kaisar, birnin Rum yana cikin ruɗani. A wannan hali ne Sisero, shahararren lauya kuma dattijon majalisa, ya rubuta wa ɗansa Markus, wanda ke karatu a Atina, littafin De Officiis, a kan haƙƙoƙin da ke wuyan mutum. Kashi uku ya yi shi: abin da yake daidai, abin da ke da amfani, da abin yi idan aka ga kamar biyun sun yi karo.

A kashi na uku ya buga misali da wani falke da ya yi lodin hatsi daga Iskandariya zuwa tsibirin Rodos, inda yunwa ta tsananta, farashi ya yi tashin gwauron zabi. A hanya ya ga wasu jiragen ruwa shaƙe da hatsi suna tafe a bayansa. Shin ya sanar da mutanen gari, ko ya ja bakinsa ya sayar da tsada?

Sisero ya kawo saɓanin malamai biyu na Girka. Diyojinis na Babila ya ce falken bai yi ƙarya ba, don haka ba shi da laifi. Almajirinsa Antifata ya ce 'yan Adam duka dangin juna ne, ba ya halatta ka ci riba da jahilcin mai jin yunwa. Sisero ya goyi bayan almajirin: ɓoye wa mutane abin da ya shafe su domin aljihunka ha'inci ne, kuma ribar da aka samu ta hanyar zubar da mutunci asara ce.

Shi kansa marubucin bai yi shiru ba. Ya soki Markus Antoniyus a jerin jawabai masu zafi, yana ganin hakan haƙƙin ƙasarsa ne a kansa. Ranar 7 ga Disamba, shekara ta 43 kafin Miladiyya, sojojin Antoniyus suka kashe shi, aka kafe kansa a dandalin da ya saba jawabi. Littafin kuwa ya rayu, har aka buga shi a Mainz ta Jamus a 1465.

Jama'a, da ɗayanmu ne ya isa Rodos da wannan hatsi, me zai faɗa wa masu saye?