Kara da Taki: Tarihin Kiwon Rani a Ƙasar Hausa

A wannan maƙala za mu yi ƙoƙarin nuna cewa kiwon shanu a ƙasar Hausa ya daɗe yana tafiya ne bisa wata yarjejeniya tsakanin manomi da makiyayi, wadda ba a rubuce take ba.

Tun kafin zuwan Turawa, shekarar makiyayi a rabe take bisa yanayi. Da damina yakan kau da shanunsa daga shuka, ya bi burtali zuwa hurmi ko jeji. Da kaka, idan an kawar da amfanin gona, sai ya sauka a gonaki, shanu su ci kara da sauran abin da aka bari, su bar wa manomi taki. Sau da yawa manomi ne ke gayyatarsa, har ya ba shi hatsi. Da rani kuwa sai a nufi fadama, inda ruwa da ɗanyar ciyawa suke, a kafa mashekari. Bazara ita ce lokacin wuya, domin a sannan sai an haɗa da sassabe da 'ya'yan gawo.

Sarakuna sun karɓi jangali, Turawa ma suka ci gaba da karɓarsa bayan 1903. To amma harajin bai ba makiyayi mallakar ƙasa ba. A 1965 Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe makiyaya, sai dai kaɗan ne daga cikin wuraren aka tabbatar da su a hukumance.

Daga nan al'amura suka sake. Farin 1972 zuwa 1974 ya hallaka dabbobi masu ɗimbin yawa, ya kuma tura makiyaya kudu. Madatsun ruwa irin na Tiga da Bakolori sun rage ambaliyar da ke rayar da ciyawar fadama. Takin zamani ya rage darajar kashin shanu, harawa ta zama hajar kasuwa, noman rani kuma ya mamaye fadamu da mashaya.

Saboda haka muna ganin kuskure ne a ɗauki rikicin manoma da makiyaya a kan tsohuwar gaba ce ta ƙabilanci. Abin da ya faru shi ne, kowanne ya daina bukatar abin da ɗan'uwansa ke ba shi. Duk wani shirin sulhu da bai tanadi abincin shanu na rani da hanyar zuwa mashaya ba, to da wuya ya ɗore.