TARIHI: Yadda Kamfanoni Suka Koyi Ɗora Manhaja Kan Dubban Kwamfutoci, Da Ranakun Da Aikin Ya Watse



Na san ka taɓa ganin irin wannan: waya ta ce akwai sabon apdet, mai ita ya danna, ta mutu ta kunna, sai ta tsaya kan tambarin kamfani ta ƙi wucewa. Kusan kullum sai an kawo mana irinta shago. Waya ɗaya ce, amma ka ga yadda hankalin mai ita ke tashi saboda hotuna da lambobi da manhajar banki. To yanzu ka ƙaddara kwamfuta 5,000 ce ta wani banki ko asibiti, kuma a dare ɗaya aka tura musu abin da ya ƙi hawa. Tarihin da za mu bi yau ke nan: yadda manyan ma'aikatu suka daina ɗora manhaja da hannu, da irin wahalar da suka sha kafin su iya gano inda matsala take idan ɗorawar ta faɗi.

ZAMANIN FAIFAI DA ƘAFA

A farkon shekarun 1990, idan ma'aikata ta sayi kwamfuta 200, to injiniya zai bi su ne ɗaya bayan ɗaya. Windows 95 kanta, ga wanda kwamfutarsa ba ta karanta CD, a kan ƙananan faifan filofi 13 take zuwa. Ka saka na farko, ka jira, ta ce kawo na biyu, haka har ka kai ƙarshe. Idan na tara ya lalace, ka koma farko. Bayan nan kuma ga manhajar rubutu, ga ta lissafi, ga direban firinta.

Aikin akwai cin rai, amma yana da amfani ɗaya da aka rasa daga baya: mutum yana zaune gaban allon. Duk saƙon kuskuren da ya fito, da idonsa zai gani, nan take ya san a mataki na nawa abin ya tsaya. Ka riƙe wannan maganar, domin duk ci gaban da ya biyo baya cire mutumin nan yake yi daga gaban allo.

GHOST: A GYARA ƊAYA, A KWAFE SAURA

A 1995 wani mai suna Murray Haszard, a kamfanin Binary Research da ke birnin Okland na ƙasar Niyu Zilan, ya samar da manhajar Ghost. Dabarar mai sauƙi ce. Ka shirya kwamfuta ɗaya tsaf, ka ɗora mata komai, sai ka ɗauki hoton rumbun ajiyarta gaba ɗaya ka zuba wa sauran. Kamfanin Symantec ya saye ta a 1998, shi ya sa tsofaffin masu gyara suka fi saninta da Norton Ghost.

Mu masu gyaran waya wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, filashin ne sak. Kuma ciwon da muke sha shi suka sha. Ka san yadda waya biyu za su zo da suna ɗaya amma allon cikinsu daban, ka yi wa ɗaya filashin da fayil ɗin ɗayar, ta kunna da farin sikirin ko ta mutu ɗungurum? To haka hoton Ghost yake idan ya sauka kan kwamfutar da kayan cikinta suka bambanta da ta asali, sai dai ka ga shuɗin allo. Sannan duk kwamfutocin da aka kwafa suna fitowa da suna ɗaya da lambar shaida ɗaya, su rikita hanyar sadarwar ofis. Don magance wannan Microsoft ta fitar da Sysprep, wanda ke goge shaidar kwamfutar asali kafin a ɗauki hoton. Wata matsalar kuma ita ce duk kuskuren da ke cikin ta farko, an raba wa kowa shi daidai wa daida.

TURAWA TA WAYA

A 1994 Microsoft ta fitar da Systems Management Server, wanda ake taƙaitawa SMS (ba saƙon tes ba). Da shi injiniya zai zauna a ofishinsa ya tura manhaja zuwa kwamfutocin ma'aikata ta hanyar sadarwa. A 2007 aka sauya masa suna ya koma System Center Configuration Manager, wato SCCM. A ƙarshen shekarun 1990 kuma Intel ta kawo tsarin PXE, wanda ke sa kwamfutar da babu komai a cikinta ta tashi ta wayar sadarwa, ta nemi saba, ta karɓi Windows da kanta.

Daga nan aka koma rubuta jerin ayyuka: goge rumbu, raba shi, zuba Windows, saka direbobi, shigar da kwamfutar rajistar ma'aikata, sannan a ɗora manhajoji ɗaya bayan ɗaya. An kuma yi kayan aiki na kyauta mai suna MDT da ƙananan ma'aikatu suka daɗe suna wannan aikin da shi. Daga baya Intune ya zo a 2011, Autopilot a 2017, har ta kai ana aika wa ma'aikaci sabuwar kwamfuta a kwalinta, da ya haɗa ta da intanet ya shiga da sunansa, ita za ta jawo kayan aikinta.

A matakin ɗora manhajoji ne jerin ya fi yawan karyewa, kuma dalilin zai ba ka dariya. Yawancin manhajoji an rubuta su ne da tunanin akwai mutumin da zai danna Next. Idan injiniya ya manta bai saka umarnin a ɗora shiru ba, sai manhajar ta buɗe tagar tambaya a inda babu mai ganinta, ta zauna jiran amsa. Jerin ayyuka shi ma ya zauna jiranta. Da safe a zo a tarar da kwamfuta 80 sun kwana suna jiran dannawa ɗaya.

LAMBOBIN DA KE MAGANA

Tunda babu kowa gaban allo, dole aka sa manhaja ta riƙa barin bayani. A 1999, tare da Office 2000, Microsoft ta kawo Windows Installer, mai fayilolin da ke ƙarewa da msi. Ya zo da abu biyu masu muhimmanci. Na farko, idan ɗorawa ta faɗi a tsakiya, yana iya komawa baya ya mayar da kwamfutar yadda ya same ta. Na biyu, yana dawo da lamba da ke faɗin yadda aka ƙare. Ga huɗu da duk mai wannan aiki ya haddace:

0: komai ya tafi daidai.

3010: ta hau lafiya, amma sai an kashe an kunna. Idan ba a gaya wa jerin ayyuka cewa wannan ma nasara ce ba, sai ya ɗauke ta a matsayin faɗuwa ya tsayar da komai.

1618: akwai wata ɗorawar da ke gudana. Yawanci Windows ce ke nata apdet ɗin a ɓoye, su biyun suka yi karo.

1603: an samu mummunan kuskure. Iyakar abin da take faɗa ke nan. Zai iya zama rumbu ne ya cika, ko babu izini, ko tsohuwar manhajar ce ta ƙi fita.

Wannan 1603 ɗin ita ta koya wa injiniyoyi karanta fayil ɗin log, wato littafin da manhaja ke rubuta duk abin da ta yi layi bayan layi. Ana sa msiexec ya rubuta cikakken log da umarnin /l*v, sai a nemi inda aka rubuta "Return value 3", a karanta layukan da ke samansa, nan ainihin laifin yake. A SCCM kuma smsts.log ake fara buɗewa. Ƙa'idar ita ce ka nemi kuskuren farko, domin na ƙarshe sau da yawa sakamakon na farkon ne kawai.

RANAKUN DA AKA JI JIKI

Ranar 21 ga Afrilu 2010, McAfee ta tura sabuntawa mai lamba 5958 ga manhajarta ta kashe bairos. Sabuntawar ta ɗauki svchost.exe, fayil ɗin da Windows ba ta aiki sai da shi, a matsayin bairos. Kwamfutocin ma'aikatu masu Windows XP SP3 suka shiga mutuwa da kunnawa, hanyar sadarwarsu ta yanke. Tunda ba a iya kai musu gyara ta waya, sai aka koma bin su da ƙafa kamar zamanin filofi.

Ranar 1 ga Agusta 2012, kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya fara aiki da sabuwar manhaja. Saba takwas gare su, an ɗora wa bakwai, ta takwas an tsallake ta, kuma babu mutum na biyu da ya duba aikin. Tsohon tsarin da ke kwance a cikinta ya farka ya shiga saye da sayarwa babu birki. Cikin minti kusan 45 suka yi asarar sama da dala miliyan 400. Binciken hukumar kula da kasuwar hannun jari ta Amurka ya nuna tun kafin a buɗe kasuwa na'urar ta aika saƙon imel 97 masu nuna akwai matsala, ba a ɗauki mataki a kansu ba.

A watan Mayu 2014, a Jami'ar Emory da ke Atlanta, hoton Windows 7 da aka tanada don sabbin kwamfutoci ya tafi bisa kuskure zuwa kwamfutocin Windows da ke ƙarƙashin tsarin, har da sabobi. Matakin farko a jerin shi ne goge rumbu. Kafin a kashe sabar SCCM da ke tura umarnin, ita kanta an goge ta.

Sai babbarsu, Juma'a 19 ga Yuli 2024. Da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura ƙaramin fayil zuwa manhajarsa ta Falcon. Tsarin yana neman bayanai 21, abin da ake miƙa masa 20 ne, kuma da yake manhajar a can cikin zuciyar Windows take aiki, sai Windows ɗin gaba ɗaya ta faɗi. Bayan minti 78 suka janye fayil ɗin, amma aikin gama ya gama. Microsoft ta ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 abin ya shafa, ƙasa da kashi ɗaya cikin ɗari na masu Windows, sai dai su ne na filayen jirgi da bankuna da asibitoci. Kamfanin jirage na Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000 cikin kwana biyar. Gyaran kuwa shi ne a shiga Safe Mode a goge fayil ɗin da sunansa ya fara da C-00000291, kwamfuta bayan kwamfuta. Wadda aka kulle rumbunta da BitLocker sai an nemo mabuɗinta mai lamba 48 an shigar da hannu.

ABIN DA AKA KOYA, DA INDA YA SHAFE KA

Idan ka duba huɗun nan, saurin da ya sa ake gama aikin wata guda a dare ɗaya shi ne ya yaɗa ɓarnar kafin wani ya farga. Shi ya sa yanzu ƙwararru ke turawa kashi-kashi: a fara da kwamfutocin gwaji, sai wani ƙaramin sashe na ma'aikata, idan an kwana lafiya a saki ga kowa. CrowdStrike ma bayan abin da ya faru alƙawarin da ta yi ke nan.

Wannan darasin yana cikin aljihunka. Idan abokinka ya samu apdet kai ba ka samu ba alhali wayarku iri ɗaya ce, ba wayarka ce ta lalace ba, kashi-kashi ake sakinsa. Tun daga Android 7.0 a 2016 kuma Google ta kawo tsarin rumbu biyu, A da B: sabon apdet yana sauka a ɓangaren da ba a amfani da shi, idan ya ƙi tashi wayar ta koma tsohon. Ba kowace waya ke da shi ba, musamman tsofaffi, don haka ka kiyaye waɗannan:

Kafin babban apdet ka kwafe hotunanka da lambobinka, ka kuma tabbatar kana tuna imel da kalmar sirrin da ke kan wayar.

Ka cika caji, ka bar isasshen wuri a ajiya, kada ka kashe waya tana tsakiyar ɗorawa.

Idan wayar ita ce jarinka, da ita kake karɓar kuɗin ciniki, ka ɗan jira kwana biyu ko uku ka ji yadda ta kaya da waɗanda suka riga ka. Amma kada jiran ya zama watanni, domin apdet ɗin tsaro yana toshe ƙofofin ɓarayi.

Idan saƙon kuskure ya fito, ka ɗauki hotonsa ko ka rubuta lambar kafin ka danna OK. Da yawa sai su zo shago su ce "wani rubutu ne ya fito na share", alhali wannan rubutun zai iya rage mana aikin awa biyu, kai kuma ya rage maka kuɗin gyara.

A darasi na gaba za mu duba yadda ake shiga Recovery a wayar da ta maƙale kan tambari, da abin da za ka gwada kafin ka yarda a goge maka komai. Sai mun haɗu.