Karelia ta Arewa: yadda talabijin ya shiga yaƙi da ciwon zuciya a Finland

Duk lokacin da masana ke muhawara kan ko kafofin yaɗa labarai na iya sauya abin da baligi ke ci, da wuya su tashi ba su ambaci Karelia ta Arewa ba. Lardi ne a gabashin Finland, kan iyaka da Rasha, wanda a ƙarshen shekarun 1960 yake sahun gaba a duniya wajen mutuwar magidanta sakamakon toshewar jijiyoyin zuciya. Mutanen manoma ne da masu saran katako, ba ragwaye ba. Sai dai cimarsu man shanu ce da madara mai maiƙo da nama mai kitse da gishiri, ga kuma taba.

A 1971 wakilan lardin suka kai wa gwamnati koke a rubuce. Shekara guda bayan haka aka ƙaddamar da shirin Karelia ta Arewa ƙarƙashin wani matashin likita, Pekka Puska.

Tun daga farko jaridu da rediyon yankin na cikin aikin, amma abin da aka fi tunawa shi ne shirye-shiryen talabijin na ƙasa da aka soma a 1978. Ba a tsaya ga likita yana wa'azi ba. An riƙa tara mutane na gama-gari a ɗakin shiri, ana bin su mako bayan mako suna fama da barin taba ko rage kitse da gishiri, mai kallo yana ganin irinsa yana tuntuɓe yana tashi. Dabarar ke nan: mutum ya fi koyi da maƙwabcinsa a kan ya koyi da mai farar riga. A ƙauyuka kuwa ƙungiyar mata ta Martta ta riƙa koyar da girki da kayan lambu da man tsirrai, abin da allo ba zai iya yi ba.

Sakamakon ba ƙarami ba ne. A 1972 kusan kashi 90 cikin 100 na jama'ar lardin man shanu suke shafa wa burodi. Zuwa ƙarshen shekarun 2000 ba su kai kashi 10 ba. Cikin shekara 40, mace-macen ciwon zuciya tsakanin maza masu shekarun aiki ya ragu da fiye da kashi 80 cikin 100.

To amma nawa ne rabon talabijin a ciki? Nan ne gardamar take. Mace-macen sun ragu a sauran sassan ƙasar ma, har da lardin Kuopio da aka ware domin kwatance, kuma saƙon da ya hau iska ba ya tsayawa a kan iyakar lardi. Sannan kafar da ta ɗauki gargaɗin ita ce ta ɗauki martani: a ƙarshen shekarun 1980 masana'antar madara ta sayi fili a jaridu tana kare kitsenta.

Abin da ya fi bayyana shi ne saƙon ya yi tasiri ne inda kasuwa da doka suka bi bayansa. Kamfanoni sun fito da madara da tsiran nama marasa kitse sosai, manoma sun rungumi noman irin da ake tatsar mai daga cikinsa, a farkon shekarun 1990 kuma aka wajabta rubuta gargaɗi a jikin abincin da gishirinsa ya yi yawa. Shi kuwa Puska, daga 2001 zuwa 2003 ya jagoranci sashen rigakafin cututtukan da ba sa yaɗuwa a Hukumar Lafiya ta Duniya.