Gandu da Aikin Tilas a Ƙasar Katsina Zamanin Turawa

A Kongo, gwamnatin Beljiyam ta ba kamfanin Lever makeken fili a 1911, aka tilasta wa 'yan ƙasa tara masa kwakwar manja. A Nijeriya ta Arewa kuwa, dokar ƙasa ta 1910 ta danƙa filaye a hannun Gwamna, ba a kuma bar Turawa sun kafa irin waɗannan gandaye ba. Wannan ne ya sa wasu ke zaton talakan Katsina ya tsira daga aikin tilas. Alhali bai tsira ba, hanyar da tilas ɗin ya biyo ce ta bambanta.

Da Turawa suka karɓi Katsina a 1903, sun tarar da gandayen sarakuna da rumada cike da bayi. Dokar 1901 ta hana cinikin bayi, ta kuma 'yanta 'ya'yan da za a haifa, amma ba ta saki wanda ke hannu ba. Bawa ya ci gaba da noma wa ubangijinsa, ko ya riƙa biyan murgu har ya fanshi kansa. Sai a 1936 aka soke bauta baki ɗaya.

Shi kuwa ɗa, ta hannun En'e aka kama shi. Umarni kan taso daga Razdan zuwa ga Sarki, ya gangaro ga hakimai irin su 'Yandaka na Dutsin-Ma da Maraɗi na Kurfi, sannan dagatai da masu unguwanni su fitar da majiya ƙarfi daga ƙauyuka irin su Kutawa. Da haka aka share hanyoyi, aka ɗauki kayan Turawa, aka nome gandun sarauta. Harajin kuɗi kuma ya tura manomi ga auduga da gyaɗa, ya zama gonarsa ta gado tana yi wa masaƙun Ingila aiki. Abin ya ƙazanta tsakanin 1942 da 1944, lokacin da aka kwashi dubban mutane daga lardunan Arewa zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa suka mutu saboda sanyi da yunwa da cuta.

Harshe bai manta ba. Hausawa ba su kira wannan kwasa gayya ba, domin gayya ana ramawa, ana kuma ciyar da mai yi. Suka sa mata suna "ɗiban gwamna", watau an ɗebi mutane kamar yadda ake ɗibar hatsi a rumbu.