Takardun da aka tsinta a kangon gida: labarin Florence Price

Yau Amurka za mu leƙa, kuma zancen kiɗa za mu yi. Na san wani zai ce ina ruwanmu da kiɗan kilasika na Turawa, wannan da ake jera mutum tamanin da goguna da sarewa da ƙahonni, wani ya tsaya a gaba yana kaɗa sanda? Ku ɗan ba ni aron kunnenku.

Sai mun fahimci abu ɗaya tukuna. A wannan fagen, mai tsara kiɗa daban, mai kaɗawa daban. Mai tsarawa kan zauna da alƙalami ya rubuta wa kowane makaɗi abin da zai buga. In ba a samu ƙungiyar makaɗa, wato okestra, da ta yarda ta buga ba, aikin yana nan kwance a takarda, kurma, ko da ya fi na kowa kyau. To su wa ke zaɓar abin da za a buga? Shugabannin okestra da madugan makaɗa, waɗanda shekara da shekaru kusan dukansu maza ne farar fata.

A shekarar 2009 wasu ma'aurata suka shiga gyaran wani tsohon gida da aka yi watsi da shi kusa da garin St. Anne a jihar Illinois. Rufi ya lalace, ruwan sama na shiga. A ciki suka tarar da tulin takardun kiɗa rubutun hannu, suna ɗaya na ta maimaituwa a kansu: Florence Price. Da shara suka ɗauke su, da shi ke nan.

Wace ce ita? An haife ta a 1887 a Little Rock, jihar Arkansas. Mahaifinta likitan haƙori ne, mahaifiyarta malamar kiɗa, kuma ita ta fara ɗora ta a kan fiyano. Ta tafi makarantar kiɗa ta New England Conservatory a Boston, ta gama a 1906. Ku ji wani abin tausayi: saboda tsoron wariyar launin fata, sai da aka rubuta a takardunta cewa daga Meziko ta fito.

A 1927, bayan wani kisan gilla da gungun fararen fata suka yi wa wani baƙar fata a Little Rock, ta kwashe iyalinta zuwa Chicago. Can aure ya mutu, ta rage da 'ya'ya mata biyu. Ta koyar da fiyano, ta buga ogan a gidajen silima lokacin finafinai marasa magana, ta rubuta waƙoƙin talla. Ana cikin haka ta karye a ƙafa, kuma wannan zaman jinyar ne ya ba ta sararin zama kan simfoninta na farko. Ita da kanta ta mai da abin raha a wasiƙar da ta aika wa wata ƙawarta.

Simfonin ya ci gasar Wanamaker a 1932, kyautar dala 500. Ranar 15 ga Yuni 1933 okestra ta Chicago ta buga shi ƙarƙashin madugu Frederick Stock. Ita ce baƙar mace ta farko da wata babbar okestra ta Amurka ta buga simfoninta. Kuma akwai hannun wata mace a ciki, Maude Roberts George, wadda ta sa kuɗi aka ɗauki nauyin wasan. Ku riƙe wannan.

Ni abin da ya kama ni a kiɗan shi ne kashi na uku. Inda Turawa suka saba sa rawarsu, ita sai ta sa Juba, rawar da bayi 'yan asalin Afirka ke yi a gonakin kudancin Amurka, da tafi da buga ƙafa da dukan cinya. Ranar da na fara ji sai da na mayar da shi baya sau uku.

Za ku ce ai daga nan ƙofa ta buɗe ko? Ina! Gaskiya ne a 1939 mawaƙiya Marian Anderson ta rufe shahararren wasanta na dandalin Lincoln a Washington da waƙar da Price ta tsara, gaban mutum kusan 75,000. Amma a 1943 sai ga Price tana rubuta wa madugun okestra ta Boston, Serge Koussevitzky, tana faɗa masa a fili cewa abu biyu ke yi mata tarnaƙi, kasancewarta mace da launin fatarta, ta roƙi a duba aikinta a yi masa hukunci bisa cancanta kawai. Bai taɓa buga kiɗanta ba. Ta rasu a 1953, ta bar ayyuka sama da 300.

Cikin takardun kangon nan har da simfoninta na huɗu da manyan kiɗan goge guda biyu. Jami'ar Arkansas ta adana su, makaɗa suka fara nema. A 2022 okestra ta Philadelphia da madugunta Yannick Nézet-Séguin suka ci kyautar Grammy da simfoninta na ɗaya da na uku. Shekara 69 bayan rasuwarta.

Kada ku zaci ita kaɗai ce. Gidan opera na Metropolitan a New York ya sa aikin Ethel Smyth a 1903, bai sake sa na wata mace ba sai 2016, da ya sa na Kaija Saariaho 'yar Finland. Shekara 113! Sai 1983 mace ta fara cin kyautar Pulitzer ta kiɗa, Ellen Taaffe Zwilich.

Yanzu an fara gyara. Okestra ta New York ta ba mata 19 aikin tsara sabon kiɗa, don cikar shekara 100 da bai wa matan Amurka 'yancin zaɓe, kuma a cikinsu ne Tania León, haifaffiyar Kyuba, ta ci Pulitzer a 2021. A Ingila, Sarki Charles ya naɗa Errollyn Wallen shugabar kiɗan fada a 2024, baƙar mace ta farko a muƙamin.

Akwai masu ƙorafin cewa ana zaɓar mata ne don a cike gurbi, ba don iyawa ba. Ni amsata ita ce, ta yaya za ka auna kiɗan da ba ka taɓa bari an buga ba? Ai abin da Price ta roƙa ke nan tun 1943. A buga, a saurara, wanda bai yi daɗi ba a faɗa. Kuma a yi tun mai shi na raye, kamar yadda Maude George ta yi, ba sai an jira sa'ar mai gyaran gida ba.

Aikin gida: ku nemi simfoni na ɗaya na Florence Price a YouTube, ku fara da kashi na uku, minti kaɗan ne. Ku dawo sashen sharhi ku gaya mini abin da kunnenku ya ji.