Daga Babbaƙu da Farfaru Zuwa Foniks: Tarihin Koya wa Yaranmu Karatu a Minna



Duk wanda ya zaga Tunga ko Bosso ko Maitumbi a 'yan shekarun nan ya san yadda makarantun kuɗi suke tallar wani abu wai shi foniks, wato koya wa yaro sautin kowane harafi, sannan a nuna masa yadda zai haɗa sautukan su ba shi kalma. Iyayenmu 'yan kasuwa suna jin sunan, suna biyan kuɗi, suna ɗauka wani sabon ilmi ne daga Turai. Hanyar tana da kyau, ba na musu. Amma irinta kakanninmu suka shigo da ita garin nan tun kafin a gina aji ko ɗaya, mu ne muka sake ta.

Minna dai garin Gwari ne, kowa ya sani. Jirgin ƙasa ne ya jawo yawancin kakanninmu. A 1907 Turawa suka fara shimfiɗa layin dogo daga Baro a bakin kogin Kwara, ya isa Kano a 1911, kuma a nan Minna ne ya haɗu da layin da ya taso daga Ikko. Lebarori suka zo, fatake da mahauta suka biyo su, malamai suka biyo fatake. Sunayen unguwanni irin su Limawa da Kwangila sun isa su tuna wa mutum su wa suka zauna a wurin. To, duk inda Bahaushe ya kafa zango, kafin ya gama katanga za ka ji muryar yara a zaure da alluna.

Ku tuna yadda ake fara karatun allo. Ba a ba yaro sura ya kama karantawa haka kawai. Sai ya yi babbaƙu tukuna, wato baƙaƙe tsirara babu wasali, kuma kowane baƙi da sunan da Bahaushe ya raɗa masa don yaro ya gane siffarsa: alu, ambaki, ha kuri, mim jaye, nun ara, sin, shin mai ruwa. Ka dubi shin mai ruwa, ɗigogin da ke kansa su ne ruwan. Wannan hikima ce ta mutanen da suka san ƙwaƙwalwar yaro. Idan ya gama sai a wanke allo a koma farko a yi farfaru, a sa wa baƙin wasali bisa ko wasali ƙasa ko rufu'a, yaro ya ji yadda baƙi ɗaya yake zama ba, bi, bu. Sai bayan nan ne zai fara haɗa su ya tashi kalma. Shi ya sa dattijon da bai taɓa taka makarantar boko ba yake iya rubuta wasiƙa da ajami ya aika Kano, ya kuma riƙe lissafin bashin goro a takarda.

Akwai bambanci ɗaya da ya kamata a faɗa. A babbaƙu sunan harafi yaro yake riƙewa, sautin sai ya zo farfaru. Masu foniks kuwa da sautin suke farawa, shi ya sa yaro yake saurin haɗawa. A nan sun fi mu.

Da boko ya zo ma bai kauce wa wannan hanya ba. Hanns Vischer, wanda aka yi wa laƙabi da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, kuma a 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da baƙaƙen Turawa. Daga baya Rupert East ya riƙe hukumar talifi a Zariya, inda Abubakar Imam ya rubuta Magana Jari Ce, ya kuma zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939. Imam ɗin nan fa a Kagara aka haife shi a 1911, nan cikin jiharmu ta yanzu. A elementare ta wancan zamani da Hausa ake fara karatu, ana rera ba, be, bi, bo, bu, daga nan a shiga littafi irin Ka Koyi Karatu. Da wannan hanyar ce aka yi Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, magidanta masu furfura suka koyi karanta jarida.

Abin da ya sa ta yi aiki shi ne rubutun Hausa ba ya yaudara. Wasula biyar ne, kuma baƙi abin da ya ce yau shi zai ce gobe. Harafin c a ciki da cokali da caca duk abu ɗaya ne. Turanci kuwa haruffa 26 ne suke ɗauke da sautuka wajen 44, harafi ɗaya sai ya sauya murya sau uku. Iyakar wayon da rubutunmu yake yi wa yaro shi ne ba ya nuna tsawon wasali da karin sauti, sai ka ga gari na zama da gari na tuwo an rubuta su iri ɗaya. Yaron da ya tashi da Hausa a baki ba ya ɓata a nan, jimla ce take gaya masa.

To ina aka sake layi? A ganina 1976 ce. A shekarar aka ƙirƙiro Jihar Neja aka mai da Minna babban birni, kuma a shekarar gwamnatin Obasanjo ta buɗe shirin firamare kyauta na UPE. Gari ya cika da ma'aikata, azuzuwa suka cika da yara, aka ɗebo malamai cikin gaggawa. Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta ce a koyar da yaro da harshen gida ko na unguwa a shekarun farko. Amma malamin da ke Minna yana shiga aji ya ga Bagware da Banufe da Bahaushe da Bayarabe da Ibo a benci ɗaya. Da wane harshe zai fara? Sai ya tsere zuwa Turancin da yawancin yaran ba sa ji. Daga nan karatu ya koma hadda: malami ya faɗa, yara su amsa da ƙarfi. Mu da muka yi firamare bayan an ƙaddamar da UBE a 1999 mun ga wannan da idonmu. Akwai yaron da muka yi aji da shi yana karanta shafi sumul, littafin kuwa a juye yake a hannunsa.

Ba mu kaɗai ba ne. Gwajin karatu da aka yi wa 'yan firamare a Bauchi da Sakkwato a 2011 ya nuna mafi yawansu ba sa iya karanta ko kalma ɗaya ta Hausa, harshen da suke mafarki da shi. Bayan wannan ne aka kawo shirin Mu Karanta a jihohin biyu, da RANA a Katsina da Zamfara, kuma dukkansu kan sauti da gaɓa suka koma.

Shi kuma foniks na makarantun kuɗi, mafi shahararsa shi ne Jolly Phonics. Wata malamar firamare a Ingila mai suna Sue Lloyd ce ta tsara shi, aka buga littafinsa a 1992, yana koyar da sautuka 42, ana farawa da s, a, t, i, p, n. Ingila kanta sai bayan rahoton Rose na 2006 ta rungumi hanyar sosai. Don yaran da ke jin Turanci aka yi shi. Yaron London idan ya haɗa sautuka ya tashi kalma, ya san ma'anarta. Namu na Limawa zai haɗa daidai ya tsaya yana kallon malama, ga shi a rukunin farko ma akwai p da bakinsa yake mai da ita f.

Gwamnati kuma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A 2022 ta ce a yi duk shekara shida na firamare da harshen gida, a 2025 ministan ilmi Tunji Alausa ya soke wannan ya ce a koma Turanci. Mu da muke zaune a ƙasar da ba ta Hausa ba, dama ba mu da bakin cewa a yi aji da harshenmu a bar na masu gari. Saboda haka idan yaranmu za su iya karanta Hausa, daga gida da Islamiyya da shago zai fito.

Kuma ba abu ne mai tsada ba. Bayan kwali da alƙalami sun isa. Na gwada da ƙanina ɗan shekara shida a shagon mahaifinmu lokacin da ciniki ya lafa. Baƙi ɗaya na ba shi, k, da wasula biyar. Kafin la'asar ya tashi kaka, keke, koko da kuka da kansa, yana dariya don duk ya san su. Inda muka daɗe shi ne baƙaƙe masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, domin littafin makarantarsu ba ya da su ko ɗaya. Sai da na rubuta masa kafa da ƙafa, na ce ya taɓa wadda take jikinsa, sannan ya yarda cewa ƙugiyar nan ba kuskuren alƙalami ba ce.